Kwaɗon Ƙwai da Fiya a Bamenda

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. In na je barka a manta da jariri a kewaye ni, in na je gaisuwa a ja ni gefe. Wata ta ce an gaya mata na hau jirgin sama, wata ta ce wai na ga mutane masu wutsiya. Duk ba a yi ba. To yau ga ku kun taru, ku gyara zama in ba ku shi tun daga farko, wadda ba ta zo ba ku kai mata.

Kun san ɗiyata ta fari, wadda bakina ba ya kama sunanta, ku kuke ce mata Ladi. Kun san kuma mijinta, Garba ɗan Batsari. Na faɗi sunan sau ɗaya don labari ya fita, daga nan kuku zan riƙa cewa, tunda aikinsa ke nan. Baturen shanun nan da ke zuwa yi wa dabbobi allura a ƙasar Safana shi ya ɗauke shi dafa abinci. Da aka mai da Baturen Bamenda, can bayan ƙasar Ibo cikin duwatsun Kamaru, sai ya tafi da kukunsa, kuku ya tafi da matarsa.

Ana tsakiyar bazara wani falken goro ya biyo ta nan Tsaskiya da saƙon baki, cewa cikin yarinyar ya tsufa, kuma hanya ta yi nisan da ba za a iya kawo ta gida haihuwa ba. Malam mai gidana ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Haihuwar fari ba uwa a kusa? Ki shirya." Aka ce ƙanena Bawa ya raka ni, don ya taɓa aikin kuza a Jos, kuma tun daga lokacin yake gaya wa kowa yana jin Turanci.

Na ɗaura rabin buhun gero saboda kunun kanwa, na haɗa kanwa, daddawa, kuka da dakakken yaji. Na soya ƙuli-ƙuli na zuba a garwa mai murfi. Jaki ya kai mu Dutsin-Ma, daga nan muka samu motar da ta ɗauko fatu za ta Funtuwa. Kada ku tambaye ni warin. Har muka sauka gefen mayafina na kan hancina.

A Funtuwa na fara ganin jirgin ƙasa. Ina zaune kan buhuna ina dama fura, sai abin nan ya taho yana huci, ya saki wata kururuwa. Ban san lokacin da na yar da ludayi na tsaya bayan wata mai tallan ƙosai ba. Bawa ya yi ta dariya, amma na lura shi ma hannunsa na dafe da hula. Muna shiga, mai duba tikiti ya zo, dogon mutum da kaki. Bawa ya miƙe, ya gyara murya, ya zuba masa Turancin Jos, ya zuba, ya zuba. Mutumin ya bari ya gama, sannan ya ce da Hausa garau, "Malam, tikiti kawai na tambaya." Daga nan Turancin ƙanena ya kwanta, bai sake tashi ba.

Bayan mun sake jirgi a Zariya, Allah ya haɗa ni benci ɗaya da wata 'yar Ibo mai sayar da kayan koli a Gusau, za ta gida ganin uwarta. Hausarta ta fi ta wasu. Ta ga na ƙanƙame kayana, ta ce, "Uwa, saki jiki, tafiyar da sauranta." Ta ba ni gasasshiyar agada, wata ƙatuwar ayaba ce da ba a ci ɗanya, ni kuma na ba ta dakuwa. Ta gutsura, yaji ya kama ta, ta yi ta fifita baki tana cewa in ƙara mata. Da muka zo gadar Makurɗi na leƙa taga, na ga ruwa iyakar ganina, babu ƙasa a ƙarƙashinmu. Na runtse ido na kama salati. Sai na ji an riƙe hannuna gam. Ashe ita ma tsoron gadar take ji, duk yawan wucewarta. Ina nawa tana nata cikin yarensu, har muka haye. Muka dubi juna muka tuntsire da dariya.

A Inugu muka sauka unguwar Hausawa, gidan wata dattijuwa Bakanuwa da ke sauke baƙi. Ita ta ba ni teba, tuwon garin rogo ke nan, da miyar manja. Tuwo ne mai tsami-tsami da ba ya jin magana, ka gutsuro shi ya biyo hannunka. Na fara tauna, ta ce, "A'a, 'yar'uwa, haɗiye ake yi." Na haɗiye, ya sauka ya zauna mini a ciki kamar dutsen niƙa har washegari. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ruwan sama. Na baro ku kuna kwana layi a bakin rijiya, can kuwa ruwa ake shekawa safe da yamma, mutane na tsaki suna cewa ya dame su.

Daga Inugu mota ce. Aka ɗora kayanmu a sama, aka ce akwai tamfol. Akwai shi kam, sai dai ramukansa sun fi lafiyarsa yawa. Muka wuce daji mai duhu, itatuwa sun haɗe kai ba a ganin rana. A wani babban kogi aka tura motar gaba ɗayanta cikin jirgin fito, mu muna tsaye gefenta, aka haye da mu. Can gaba aka tsai da mu wurin wata 'yar rumfa, Bawa ya ce, "Yaya, nan ne iyaka. Da ƙasar Jamus ce, yanzu Ingila ke riƙe da ita." Na duba gabas na duba yamma. Mu nan ko gonar gyaɗa ce sai ka ga layin gamba tsakaninka da maƙwabci. Can babu komai, sai wani ɗan sanda da ke buɗe kaya. Ya kwance ƙullin daddawata, ya kai hanci, ya ja da baya har hularsa ta kusa faɗuwa. Ya yi mana hannu mu wuce, bai taɓa sauran ba.

Mamfe ita ta cuce ni. Hanyar da ta hau Bamenda daga nan siririya ce, mota biyu ba sa wuce juna, saboda haka yau masu hawa, gobe masu sauka. Mu kuwa muka iso ranar masu sauka. Da ranarmu ta zo aka ce dutse ya zubo ya tare hanya, sai an kwashe. Muka zauna cikin zafi da laima, tufa ba ta bushewa a jiki. Sai na fara jin wani wari-wari daga buhun gero. Na kwance bakinsa. Jama'a, gero ya tsiro! Fararen saiwoyi sun sarƙe, ƙasan kuma ya yi funfuna. Na zauna daɓas, hawaye suka zubo mini, don saboda geron nan na sha wahalar kaya tun daga gida. Bawa ya leƙa ya ce, "Yaya, ashe da gona kika taho." Na kai masa duka da mafici. Kajin masaukinmu su suka ci moriyarsa.

Da hanya ta buɗe muka yi ta hawa, mota na kuka, har muka fito wata ƙasa mai ciyawa shar da sanyi. A bazara, sai da na lulluɓa da zane biyu. A bakin hanya na ga Fulani da jajayen shanu masu dogayen ƙahoni, na ji suna kiran dabbobinsu yadda namu ke yi, sai na ji kamar na kusa gida.

Gidan Baturen na kan tudu, ɗakin kuku na bayansa. Mutanen nan suna da abin kallo. In za su ci abinci sai an shimfiɗa wa tebur farin zane, an kaɗa 'yar ƙararrawa, alhali su biyu ne rak kuma suna ganin juna. Karensu yana da katifa. Da yamma matar ta saƙala hannunta a na mijin su yi ta zagaya fili, ba inda za su. Amma ba wannan na tarar da farko ba. Abin da na tarar, an riga an haihu, namiji, har an yi suna muna Mamfe. Kuku ya durƙusa daga nesa ya gaishe ni kansa a ƙasa, na amsa ina duban wani wuri, na shige ɗaki.

Na iske yarinyar a kwance. Ta rame, idanu sun faɗa. Ta yi zazzaɓi bayan haihuwa, Baturiyar ta sa an kai ta wurin likita, zazzaɓin ya sauka, amma ya bar mata ɗacin baki. Ba ta cin komai. Nono ya ƙi zuwa sosai, jaririn ya kama ya tsotsa ya saki, ya yi wani siririn kuka kamar na ɗan akuya. Na ajiye gajiya gefe, na hura wuta na karɓi wankan jego. Na dama kunun kanwa da masara tunda babu gero, ta kurɓa sau ɗaya ta ture. Na yi farfesu, na yi tuwon shinkafa da miyar kuka. Ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, komai ɗaci yake mini."

A bayan ɗakin akwai wasu itatuwa masu 'ya'ya kore, kamar mangwaro mai dogon wuya, suna faɗowa ba mai kula su. Fiya ake ce musu. Na fasa ɗaya, na ga ciki kamar man shanu, da ƙwallo guda a tsakiya. Na ce wannan ai ɗan'uwan kabewa ne, bari in gwada ko za ta so. Na yayyanka na zuba a miya ya dahu lugub. Ɗacin da miyar nan ta yi, ko Bawa da ba ya ƙin komai sai da ya tsame hannu. Sai na ji muryar kuku daga bayan katanga, yana ce wa Bawa a hankali: "Kawu, a gaya wa Inna ba a dafa shi."

Ran nan da hantsi ina zaune ina jijjiga jaririn, iska ta kaɗo wani ƙanshi daga kicin ɗin Bature, na lemun tsami da ɗanyen ganye. Yarinyar ta ɗaga kai daga matashi.

"Inna, ƙanshin mi ne wannan?"

Tun zuwana ba ta taɓa tambayar abinci ba. Na tura Bawa. Ya dawo ya ce abincin rana ne na Bature, dafaffen ƙwai da fiya da ganyaye, a cakuɗa a ci da sanyinsa.

Na ce, "La'ilaha illallahu! Ƙwan kaza ga mai jego? Ka taɓa ganin an ba mace mai shayarwa ƙwai a garinmu? So kake yaron ya tashi da dogon hannu? Kuma abu mai sanyi, ga ɗanyen jiki?"

Ta juya fuska bango. Jaririn ya sake kama kukan nan nasa. Bawa, wanda bai cika maganar kirki ba, ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Yaya, ni dai ban san zancen dogon hannu ba. Amma dubi hannun nasa yanzu."

Na duba. Ɗan hannun kamar tsinken tsintsiya. Na mai da shi cikin zane. Sannan na ce, "Je ka ce wa kuku, in dai za ta ci, ni zan haɗa da hannuna. Ya faɗa maka, kai ka faɗa mini."

Haka aka yi. Bayan kuku ya kai wa masu gidan nasu abincin, na zauna a ƙofar madafa da akushi. Kuku ya tsaya bayan katanga, Bawa a tsakiya kamar ɗan aike tsakanin gari biyu.

"Kawu, a dafa ƙwan ya yi tauri, amma kada a bari gwaiduwar ta yi toka-toka."

"Yaya, ya ce kada ki sa toka."

"Na ji abin da ya ce, kai dai matsa."

Da suka dahu aka ce in tsoma su a ruwan sanyi. Ai kuwa ɓawon ya riƙa fita sumul. Fiya kuma ba kowanne ba, sai wanda in ka danna wajen wuyansa da babban yatsa ya ɗan lotsa. A zagaye shi da wuƙa, a murɗa, ya rabe biyu, a kwashe naman da cokali. Kuku ya ce a matsa lemun tsami nan take, in an yi jinkiri baƙi zai yi. Kafin Bawa ya buɗe baki na riga na matsa.

Bawa ya ce, "To ni mene ne amfanina a nan?"

Na ce, "Amfaninka ka cire hannunka daga ƙwan nan, na ga ɗaya ya ragu."

Na ji kuku ya yi tari a bayan katanga, irin tarin mai danne dariya.

Aka ce in murƙushe rabin fiyar ta yi laushi, rabi in bar ta gutsi-gutsi. Na yayyanka ƙwai na zuba. Kuku ya miƙo ganyaye ta hannun Bawa, daga lambun Baturiya: na'a-na'a, lawashin albasa, da wani mai kama da ganyen karas da suke kira faski. Na yanka su ƙanana, na barbaɗa gishiri da masoro, na juya a hankali yadda ya ce, don kada ya zama kunu. Abin ya fito kore da fari da rawaya, gwanin kyau. Na lakata na ɗanɗana. Laushi, sanyi, ɗan tsami-tsami, ƙanshi har ka. Amma babu abin da haƙori zai kama.

Na ce, "Wannan ai kwaɗo ne. Duk wannan ƙararrawa da farin zane, ashe kwaɗo suke ci. To wa ya taɓa yin kwaɗo ba ƙuli?"

Na jawo garwata, wadda ruwan Mamfe bai samu shiga ba. Na daka ƙuli-ƙuli bai yi laushi sosai ba, na watsa a kai, na bi shi da yajin jego. Da na zuba yajin sai hankalina ya ɗan kwanta, na ce to ga zafin nan na sa masa.

Kuku ya leƙo da ido ɗaya. "Kawu, Bature ba ya sa wannan."

"Ka ce masa ba Bature ne ya haihu ba."

Kuku ya gasa burodi ya miƙo, na ɗauka na shiga ɗaki. Yarinyar ta tashi zaune ta jingina. Ta fara lakata da ɗan yatsa. Ta tsaya. Ta sake lakata. Sannan ta gutsuri burodi ta kwaso da yawa. Na ja gefe, tsoro nake kada in yi magana ta fasa. Ina jin ƙarar ƙuli a bakinta, ƙurus ƙurus. Sai da ta suɗe akushin ta ce, "Inna, ƙulin gida ne wannan. Da saura?"

Na juya baya na kama gyaran kayan jariri da ba su bukatar gyara, don kada ta ga fuskata. Daga waje na ji Bawa yana cewa, "Ta cinye! Wallahi ta cinye!" Kuku kuwa sai hamdala yake yi, yana maimaitawa.

Daga ranar kullum azahar sai na haɗa shi. Bakinta ya buɗe, ta koma cin tuwon masara, har kunun da ta ƙi ta riƙa nema. Wata safiya ta kira ni ta nuna mini gaban rigarta, ya jiƙe sharkaf da nono. Jaririn ya sha har ya saki da kansa, ya yi gyatsa irin ta manya, ya yi barci baki buɗe. Kafin a yi arba'in kumatunsa sun cika, in na ɗauke shi sai na gyara tsayuwa. In kun tambaye ni yanzu ko ƙwai na sa dogon hannu, ni dai abin da na gani da idona shi ne gajeren hannu mai kauri.

Ranar da za mu taho kuku ya hau itace ya tsinko fiya masu tauri, ya naɗe kowanne da ganyen ayaba, ya ce a gaya mini za su nuna a hanya. Suka nuna kuwa, amma ba su jira mu ba. Wasu Bawa ya ƙarasa da su a Inugu, yana cewa taimako yake yi. Wasu zafin jirgi ya mai da su baƙi kafin Kaduna. Da muka iso Dutsin-Ma guda ɗaya ya rage, na riƙe shi a hannu kan jaki kamar jinjiri.

Na tarar damina ta sauka, zabi na ta ƙwai. Washegari Malam ya tafi gona, na dafa ƙwan zabi, na tsinko ɗoɗɗoya a bayan ɗaki da lawashi, ga lemun tsami da na sayo a Funtuwa. Da ya dawo ya yi azahar, na ajiye masa akushi. Ya buɗe ya daɗe yana dubawa.

"Wannan fa?"

"Abin da ya tashi ɗiyarka ke nan."

Ya yi bisimilla ya sa hannu. Ya yi ta ci. Na gaji da jira na ce, "Malam, yaya ka ji shi?"

"To," ya ce, yana kai wata loma, "abu ne dai kamar an kwaɓa man shanu da ciyawa."

Ya ci gaba da ci. Ya bi gefen akushin da yatsa, ya bi gindinsa, ya miƙo mini.

"Ƙaro."

"Babu. Guda ɗaya ne ya iso."

Ya dube ni kamar na yi masa laifi. "Ki tashi tun daga Kamaru, ki zo mini da guda ɗaya?"

Ya wanke hannu, ya jingina da bango yana sakace. Can ya ce, "In sun sake haihuwa, Bawa ya zauna ya huta. Ni zan raka ki."